Su Wa Suka Yi Amshin? Yadda Ake Gano Ɓoyayyun Muryoyin Waƙoƙin Sol

Sol salon waƙa ne na baƙaƙen fatar Amurka. Ya tsiro a ƙarshen shekarun 1950 daga haɗuwar waƙoƙin coci da kiɗan gidajen rawa, ya yi tashe daga 1960 har tsakiyar shekarun 1970. Manyan cibiyoyinsa su ne Detroit da Memfis da Shikago da New York da Filadelfiya da Los Angeles, sai wani ɗan yanki na jihar Alabama da ake kira Muscle Shoals. Ginshiƙinsa kira da amsawa ne: jagora ya jefa, 'yan amshi su cafe. Wanda ya saba da Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ya san rabin daɗin waƙa a bakin 'yan amshi yake, ya kuma san ba kasafai ake tambayar sunayensu ba. A Amurka abin ya zarce rashin tambaya. Akwai ɗaruruwan faya-fayan da duniya ta haddace, ba a rubuta sunan masu amshinsu ko'ina a jikinsu ba. Akwai ma waɗanda sunan da aka buga a kansu na wasu mutane ne dabam, waɗanda ko ƙofar situdiyon ba su taka ba ranar da aka ɗauki waƙar. Gano ainihin masu waɗannan muryoyi aiki ne da masu bincike da masu tara faya-fayai da kamfanonin sake fitar da tsofaffin waƙoƙi suka shafe shekaru suna yi, kuma har yau ba a gama ba.

Abin da ya ɓatar da sunayen

Dalili na farko a jikin faifan yake. A wancan zamani kasuwar sol ta ƙaramin faifai ce mai faɗin inci 7, waƙa ɗaya a kowane gefe. 'Yar takardar da ke tsakiyarsa na ɗauke da sunan waƙa da na mawaƙi da marubuci da furodusa da kamfani, shi ke nan wuri ya ƙare. Babban faifai mai waƙoƙi goma ko sha biyu yana da fili a bayan kwalinsa, amma yawancin kamfanoni sun fi son cika shi da kirarin tauraro. Kamfanin Atlantic ya ɗan fi sauran adalci, don yakan jera sunayen makaɗa da 'yan amshi a bayan wasu manyan faya-fayansa. Motown kuwa, wanda Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959, sai a 1971, a faifan Marvin Gaye mai suna What's Going On, ya yarda aka buga sunayen makaɗan gidan.

Dalili na biyu tsarin biya ne. Ɗan amshin situdiyo ɗan ƙwadago ne: ya zo, ya yi aiki, a sallame shi, ba shi da kaso a cinikin faifai ko da an sayar da miliyan. Tunda babu wani kuɗi da zai biyo baya, babu wanda ya ga amfanin ajiye sunansa.

Na uku shi ne mafi muni, domin da gangan ake yi. Kamfani ya kashe kuɗi ya gina wa wata ƙungiya suna, ya ɗinka mata kaya, ya buga hotunanta. Ƙungiyar tana kan hanya wata da watanni tana yawon wasa, furodusa kuma yana son faifai a kasuwa mako mai zuwa. Sai ya kira waɗanda ke kusa, masu iya koyon waƙa cikin 'yan mintoci, su rera, a buga da sunan ƙungiyar. Faɗin gaskiya a nan zai rage wa sunan daraja, don haka aka rufe bakin kowa. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi.

Misalan da aka tabbatar

Misalin da ya fi kowanne shahara shi ne na He's a Rebel. A 1962 furodusa Phil Spector ya sami wannan waƙa da Gene Pitney ya rubuta, ya kuma ji cewa wata mawaƙiya, Vikki Carr, na gab da fitar da tata. Ƙungiyarsa, Crystals, tana can gabashin ƙasar, shi kuma yana Los Angeles. Ya shiga situdiyon Gold Star da Darlene Love da ƙungiyarta ta Blossoms, suka ɗauki waƙar, ya buga ta da sunan Crystals. A watan Nuwamban shekarar ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard. 'Yan Crystals a rediyo suka fara jin "sabuwar waƙarsu", kuma dole suka koye ta don su rera a dandali. Spector ya sake yin haka da He's Sure the Boy I Love. An zalunci ɓangarori biyu a lokaci ɗaya: waɗanda aka ɗauki muryarsu aka hana su suna, da waɗanda aka ari sunansu ba tare da shawara ba.

A Motown abin ya zama tsari na yau da kullum. Gidan yana da mata uku, Jackie Hicks da Marlene Barrow da Louvain Demps, da ake kira Andantes. Aikinsu su kasance a kusa da situdiyon da ke lamba 2648 a titin West Grand Boulevard, duk furodusan da ke buƙatar amshi ya kira su. Ana ƙiyasta cewa muryoyinsu na cikin waƙoƙi kusan 20,000. Su ne a bayan Mary Wells a My Guy, su ne a bayan Marvin Gaye a I Heard It Through the Grapevine. Four Tops maza ne huɗu, amma mai sauraron Baby I Need Your Loving ko Reach Out I'll Be There zai ji wani siririn sauti a saman muryoyin mazan; na Andantes ne, furodusoshi Brian Holland da Lamont Dozier suka ɗora shi don waƙar ta yi haske a rediyo. Wannan ƙari ne kawai, ba a cire kowa ba. Amma bayan Florence Ballard ta bar ƙungiyar Supremes a 1967, sai aka koma maye gurbi. Love Child, wadda ta yi na ɗaya a 1968, Diana Ross ce da Andantes. Mary Wilson da Cindy Birdsong ba sa ciki, ko da yake su aka gani a talabijin suna motsa baki. Faifan The Return of the Marvelettes na 1970 shi ma Wanda Young ce kaɗai daga ƙungiyar, sauran muryoyin na Andantes ne.

Waƙar bankwana ta Diana Ross da Supremes, Someday We'll Be Together, ta fi ban mamaki. Ita ce ta ƙarshe da ta yi na ɗaya a Amurka a shekarun 1960, kuma babu wata 'yar Supremes a cikinta sai Ross. Cikin masu amshin akwai 'yan'uwan juna Maxine da Julia Waters. Muryar namijin da ake ji yana ƙarfafa Ross ta furodusan ce, Johnny Bristol, wanda ya tsaya yana rera mata don ya ja ta cikin waƙar, na'ura ta ɗauke shi, aka ga ya yi daɗi aka bari.

Sauran garuruwa kowanne da nasa. A New York akwai ƙungiyar mawaƙan coci da ta fito da Dionne Warwick da ƙanwarta Dee Dee da Doris Troy da Cissy Houston, mahaifiyar Whitney Houston. Sun yi shekaru suna amshi kafin a sa wa ƙungiyar suna Sweet Inspirations a 1967, lokacin tana da Cissy da Sylvia Shemwell da Estelle Brown da Myrna Smith. A Respect ta Aretha Franklin, 'yan'uwanta ne Erma da Carolyn ke amsawa. A Shikago, Minnie Riperton tana budurwa ta yi amshi a Rescue Me ta Fontella Bass a 1965. A Filadelfiya akwai Barbara Ingram da Carla Benson da Evette Benton a situdiyon Sigma Sound, kuma a yawancin faya-fayan Stylistics da Thom Bell ya shirya, Russell Thompkins Jr. ne kaɗai ɗan ƙungiyar da ya rera. Muryar da ke mayar wa Sam Cooke amsa a Bring It On Home to Me ta 1962, wadda ta kusa zama rabin waƙar, ta Lou Rawls ce, kuma sunansa ba ya kan faifan.

Duk waɗannan an san su ne saboda wani ya zauna ya bi diddigi. Hanyoyin binciken huɗu ne: takarda, da tef, da kunne, da bakin waɗanda suka halarta. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma kowacce tana da inda take yaudara.

Takarda

Mai bincike da takarda yake farawa. A Amurka makaɗa da mawaƙa ba ƙungiyar ƙwadago ɗaya suke ba. Makaɗa suna ƙarƙashin AFM, mawaƙa kuma suna ƙarƙashin AFTRA, wadda ta haɗe da ƙungiyar 'yan fim ta zama SAG-AFTRA a 2012. Duk zaman ɗaukar waƙa da aka yi bisa ƙa'ida, ana cika fom a kai wa ƙungiya: rana, wuri, sunayen waƙoƙi, da sunan duk wanda za a biya. Rabuwar nan tana da tasiri. Fom ɗin makaɗa zai nuna wanda ya kaɗa ganga da wanda ya busa ƙaho, amma ba zai ce komai game da 'yan amshi ba, sai an nemo takardar ɗaya ƙungiyar. Wannan ya sa tarihin makaɗan situdiyo ya fi na mawaƙan cika.

Bayan takardun ƙungiya akwai na kamfani: littafin zaman situdiyo, katunan ajiyar tef, da takardun biyan kuɗi. Daga irin waɗannan ne aka gina jerin The Complete Motown Singles, wanda aka fara fitarwa a 2005 aka kammala a 2013, tare da bayanin kowace waƙa daga masu bincike irin su Keith Hughes da Bill Dahl a ƙarƙashin jagorancin Harry Weinger. Katunan Motown sukan faɗi ranar da aka ɗauki kiɗa, da ranar da aka ɗora amshi, da ranar da jagora ya zo ya ɗora tasa murya. Ko da katin bai ambaci suna ba, ranar kanta hujja ce. Idan an ɗora amshi ranar da jaridu suka nuna ƙungiyar tana wasa a wani gari mai nisan ɗaruruwan mil, to magana ta ƙare, ba su ba ne.

Sai dai takarda tana yin shiru a daidai inda aka fi buƙatarta. A ƙananan situdiyoyin kudu sau da yawa hannu da hannu ake biya, babu fom. Akwai kuma aikin sata. Motown ba ya son ma'aikatansa su yi wa wani kamfani aiki, amma kuɗin da yake biya bai hana su nema a waje ba. A 1967 furodusa Carl Davis ya ɗauki Higher and Higher ta Jackie Wilson a Shikago don kamfanin Brunswick, da makaɗan Motown da biyu daga cikin Andantes, Hicks da Barrow, tare da Pat Lewis. Mutanen da suka sulale daga Detroit a ɓoye ba za su so sunansu ya fito fili ba. A irin wannan hali rashin suna a takarda ba ya nuna rashin halarta. Kuma ko inda sunan yake, mai buga rubutu na iya ɓata shi: a faifan Rolling Stones na 1969, Let It Bleed, an rubuta Merry Clayton a matsayin Mary.

Tef

Shaida mafi ƙarfi ita ce uwar tef, wadda aka ɗauki waƙar a kanta kafin a gauraya sautuka. Ana raba faɗin tef ɗin layi-layi, kowane layi da abin da aka ɗora masa. Idan amshi yana da nasa layin, injiniya na iya kashe sauran ya bar shi tsirara. A nan ake jin abin da faifai ya rufe: yawan mutanen, wa ke sama wa ke ƙasa, dariya kafin a fara, wani lokaci har furodusa yana kiran wata da sunanta yana cewa ta matso kusa da makirufo. Hirar da ke tsakanin ɗauka da ɗauka ta warware gardama da yawa.

Amfanin tef ya danganta da shekarar. Atlantic ya sami na'ura mai layi takwas tun ƙarshen shekarun 1950, albarkacin injiniyansa Tom Dowd. Motown ya yi shekarunsa na farko da layi biyu zuwa uku, sai a tsakiyar shekarun 1960 ya koma takwas. Inda layuka suka yi kaɗan, dole a cusa amshi da tafi da kacau-kacau wuri ɗaya, kuma abin da aka riga aka gauraya a haka ba ya rabuwa ta daɗi. Takardar da ke cikin kwalin tef ɗin ma ba ta cika taimakawa ba, domin injiniya yakan rubuta "'yan mata" kawai a gaban layin.

Babbar matsalar ita ce tef da yawa ba sa nan. A watan Fabrairun 1978 gobara ta cinye wani ɗakin ajiyar Atlantic a Long Branch ta jihar New Jersey, ta tafi da tef na zaman situdiyo na kusan shekara ashirin. Kamfanin Stax na Memfis ya karye a 1975, aka rushe gininsa a 1989. Ranar 1 ga Yuni, 2008 wata gobarar ta tashi a harabar Universal a Los Angeles, inda ake ajiye kayan kamfanoni da dama, har da Chess na Shikago. Kowace irin wannan asara tana tafiya da amsar tambayoyin da ba a ma kai ga yi ba.

Inda uwar tef ta ɓace, akwai dabaru. Tsohuwar ita ce a ɗauki faifai mai sautin dama da hagu, a juya gefe ɗaya a haɗa shi da ɗayan, sai duk abin da ke tsakiya, galibi muryar jagora, ya dushe, abin da ke gefe ya fito. Sabuwar kuwa manhajojin kwamfuta ne da aka horar su tsame murya daga cikin kiɗa. Kamfanin Deezer ya saki irin wannan manhaja mai suna Spleeter a 2019, kuma da wata fasaha makamanciyarta aka tsamo muryar John Lennon daga tsohon kaset aka fitar da Now and Then a 2023. Manhajojin suna da amfani, amma akwai haɗari: sun fi ƙwarewa wajen raba murya da kiɗa fiye da raba murya da murya, kuma inda sautin ya ɓace sukan cike gurbin da abin da suke zato. Abin da ya fito daga cikinsu ya isa a fara bincike da shi, bai isa a yanke hukunci ba.

Kunne

Akwai masu sauraro da suka shekara arba'in suna jin waɗannan faya-fayai, har sun san murya kamar yadda ake sanin tafiyar ɗan gida. Suna lura da rawar murya da saurinta, da inda mawaƙiya ke jan numfashi, da yadda take lanƙwasa ƙarshen kalma, da yadda ƙungiya ke jera muryoyinta. A Andantes, Demps ce a sama, Barrow a tsakiya, Hicks a ƙasa, kuma zubinsu santsi ne da ya sha bamban da kaifin ƙungiyar Vandellas ko taushin Supremes na farko. Hanyar da ta dace ita ce a sami waƙar da aka tabbatar da masu ita, a ajiye ta gefen wadda ake shakka, a yi ta kwatantawa. Shi ya sa 'yan faya-fayan da 'yan amshi suka fitar da sunansu suke da daraja. Andantes sun yi guda a 1964, (Like a) Nightmare, aka janye shi tun bai shiga kasuwa sosai ba, kuma ko a nan Ann Bogan ce ta ja waƙar. A ƙarshen shekarun 1980 wani Bature ɗan Ingila, Ian Levine, ya sake ɗaukar su da sunansu a kamfaninsa na Motorcity. Ingila tana da babban rabo a wannan aiki, domin matasan arewacin ƙasar da suka riƙa rawa da tsofaffin faya-fayan sol a wurare irin su Wigan Casino su ne daga baya suka zama masu tono tarihinsu.

Duk da haka kunne ne ya fi sauran shaidu saurin ruɗuwa, kuma dalilin yana cikin sana'ar kanta. Gwanintar ɗan amshi ita ce ya narke cikin 'yan'uwansa har uku su zama kamar ɗaya, ya kuma iya kwaikwayon duk wanda aka ce ya maye gurbinsa. Ke nan gwargwadon ƙwarewarsa, gwargwadon wuyar gane shi. Ga kuma hannun injiniya: a ɗauki amshi sau biyu a ɗora, mutum uku su zama shida; a ƙara amsa-kuwwa; a ɗan ƙara wa tef gudu, murya ta sirance. Sannan mai sauraro yana zuwa da nasa zato. Mutane da yawa sun ɗauka masu yi wa Al Green amshi a Let's Stay Together baƙaƙen mata ne 'yan coci. Alhali Sandra Rhodes da Donna Rhodes da Charles Chalmers ne, farare, matan kuma daga gidan mawaƙan karkara suka fito, furodusa Willie Mitchell ya zaɓe su. Haka a When a Man Loves a Woman ta Percy Sledge, cikin masu amshin akwai Donna Jean Thatcher, farar yarinya 'yar Alabama wadda daga baya ta shiga ƙungiyar Grateful Dead.

Bakin waɗanda suka halarta

Hira da mawaƙan da furodusoshi da injiniyoyi ita ce ta fara buɗe yawancin waɗannan sirrika. Littafin Motown from the Background na 2007, wanda Vickie Wright ta rubuta tare da Andantes, da fim ɗin 20 Feet from Stardom na Morgan Neville, wanda ya fito a 2013 ya ci kyautar Oscar, sun kai labarin ga mutanen da ba su taɓa tunanin akwai shi ba. Amma matar da ta yi amshi uku ko huɗu a rana, shekara goma a jere, ba za a zarge ta ba idan ta haɗa wata rana da wata. Sau da yawa ma ba ta san sunan waƙar ba, don an ɗora amshin tun kafin jagora ya zo. Wani lokaci kuma mutum biyu sun rera waƙa ɗaya a ranaku dabam, aka fitar da ta ɗaya, kowacce ta tafi gida da yaƙinin ita ce. An daɗe ana jayayya a kan Da Doo Ron Ron ta 1963 tsakanin Darlene Love da La La Brooks ta Crystals. Abin da aka tsaya a kai shi ne muryar Brooks ce a faifan da ya fita.

Misalin da ya fi nuna iyakar wannan hanya shi ne na mawaƙiya Tammi Terrell. A watan Oktoban 1967 ta yanke jiki ta faɗi a dandali a jihar Virginia tana waƙa da Marvin Gaye. Aka gano ƙari a ƙwaƙwalwarta, aka yi ta yi mata tiyata, ta rasu ranar 16 ga Maris, 1970 tana da shekara 24. A 1969, tana cikin jinya, Motown ya fitar da faifansu na uku, Easy. Gaye ya gaya wa marubucin tarihinsa David Ritz cewa a yawancin waƙoƙin Valerie Simpson ce ta kwaikwayi muryar Terrell, saboda ita ba ta da ƙarfin rerawa. Simpson, wadda ita da Nickolas Ashford suka rubuta waƙoƙin, ta musanta. Ta ce ta rera ne a matsayin jagora don Gaye ya sami abokiyar ɗauka, daga baya aka kawo Terrell ta ɗora tata. 'Yar'uwar Terrell, Ludie Montgomery, ta tsaya a kan cewa muryar 'yar'uwarta ce. Ga shaidu uku, duk na kusa, duk suna da dalilin faɗin abin da suka faɗa, kuma masu kunne sun rabu gida biyu. Mai bincike na gari a nan yakan kawo maganar kowa da sunan mai ita, ya bar ta a buɗe. Wannan ya fi a zaɓi wadda ta fi daɗin ji a mai da ita tarihi.

Ƙa'idar da masu aikin kirki ke bi ita ce kada a tabbatar da suna sai shaidu biyu masu zaman kansu sun haɗu: takarda da tef, ko tef da bakin wanda ya halarta, ko bakin mutum biyu da ba su ji daga juna ba. Intanet ta sauƙaƙa haɗuwar masu bincike, ta kuma sauƙaƙa yaɗuwar kuskure. Wani ya rubuta zatonsa a wuri ɗaya, wani ya kwafa zuwa shafin Discogs ko Wikipedia, marubucin jarida ya ɗauka, sai a dawo a kafa hujja da jaridar. Shafi goma da suka kwafi juna shaida ɗaya ce, kuma mai rauni.

Abin da suna ke jawowa

Wannan ba sha'awar masu tara tsofaffin kaya kaɗai ba ce. Mafi yawan waɗanda aka ɓoye mata ne baƙaƙe da suka koyi waƙa a coci, kuma da yawansu sun tsufa ba su da komai. Da Motown ya kwashe ya koma Los Angeles a 1972, an bar Andantes a Detroit babu aiki. Darlene Love ta kai ga yin aikin share gidajen mutane kafin ta farfaɗo. Sai a 1997 wata kotu a New York ta umarci a biya ta sama da dala 250,000 daga haƙƙinta a wurin Spector, kuma sai a 2011 aka shigar da ita zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame. Al'adar ma ba ta mutu da zamanin sol ba: a 1990 Martha Wash ta rera Gonna Make You Sweat ta C+C Music Factory, aka sa wata dabam tana motsa baki a bidiyon, sai da ta je kotu.

Yau suna yana da farashi a doka. A Amurka gidajen rediyo na gargajiya ba sa biyan masu murya komai, marubutan waƙa kaɗai suke biya. Amma rediyon intanet da na tauraron ɗan'adam suna biya ta hannun hukumar SoundExchange, kuma doka ta raba kuɗin: kashi 50 cikin ɗari na mai mallakar faifai, 45 na tauraron da sunansa ke kai, 5 na waɗanda ke baya, rabi na makaɗa rabi na 'yan amshi. Wata gidauniya ta haɗin gwiwar AFM da SAG-AFTRA ce ke rabon wannan kashi biyar, tana da nata masu bincike, tana kuma wallafa jerin sunayen waɗanda kuɗinsu ke jiran mai karɓa. Da can faya-fayan da aka ɗauka kafin 15 ga Fabrairu, 1972 ba sa cikin kariyar dokar tarayya, wato kusan duk zamanin zinare na sol. Dokar da aka sa wa hannu a 2018 ce ta shigo da su. Daga nan duk sunan da aka tabbatar a kan tsohon faifai yana iya zama kuɗi a hannun mai shi ko magadansa, duk sunan da aka ɗora bisa kuskure kuma yana cire shi daga bakin mai haƙƙi.

Takarda da tef suna iya jira idan gobara ta ƙyale su, amma shaidu masu rai suna ƙarewa. Barbara Ingram ta rasu a 1994, Lou Rawls a 2006, Sylvia Shemwell da Myrna Smith a 2010, Marlene Barrow a 2015, Cissy Houston a 2024. Waɗanda suka rage daga cikin masu shiga situdiyo a shekarun 1960 yawancinsu sun haura tamanin, kuma akwai dubban waƙoƙi, musamman na ƙananan kamfanonin da suka mutu ba su bar littafi ba, da babu mai iya faɗin wanda ya yi amshinsu sai su.